Daga Rumbu Zuwa Bakan Gizo: Tarihin Ginin Ƙasa a Arewa da Ƙasar Hausa

Kore Mairuwa gari ne na ƙasar Arewa a jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar, yana bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso ta nufi Dogondutsi, kuma yana ƙarƙashin gundumar Tibiri tun lokacin da aka cire ta daga gundumar Dogondutsi a shekarar 2011. Garin yana zaune ne a Dallol Mauri, wato wani tsohon kwari mai faɗi wanda kogi ya riƙa bi a zamanin da Sahara take da damshi, kuma ya miƙe kudu har ya tarar da kogin Kwara a yankin Gaya. Cikin kwarin rairayi ne mai ruwa a kusa, gefensa tuddai ne na jar ƙasa da marmara, a kudancinsa kuma akwai dajin giginya wanda ya yi suna a duk faɗin Nijar. Laka da itacen giginya su ne kayan da fasahar ginin Hausa ta tsayu a kansu tsawon ƙarnuka, ruwa kuwa shi ne abin da ake kwaɓa ginin da shi, shi ne kuma yake rushe shi idan aka yi sakaci. Tarihin wannan fasaha tarihi ne na yadda magina suka gane iyakar ƙarfin laka da na azara, suka haɗa su domin kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, sannan al'umma ta ɗauki alkawarin kula da ginin kowace shekara.

Halin laka da halin azara

Duk abin da aka gina yana fuskantar ƙarfi iri biyu, wato danniya, wadda take matse abu ta tura sassansa cikin juna, da kuma ja, wanda yake ƙoƙarin raba sassan. Busasshiyar laka tana jure danniya gwargwado, shi ya sa bangon ƙasa yake ɗaukar nauyin kansa da na rufinsa shekara da shekaru, amma ba ta da juriyar ja ko kaɗan, kuma da zarar an ja ta sai ta tsage. Abin da yake riƙe ta shi ne yumɓu, wanda ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai suna manne yashi da tsakuwa idan sun bushe, suna kuma sakin su idan sun sha ruwa. Idan yumɓu ya yi yawa a cikin kwaɓin, bango yana tsattsagewa wajen bushewa saboda yumɓu yana ƙanƙancewa, idan kuma yashi ya rinjaya, bangon yana marmashewa. Saboda haka magini yake fara aikinsa da zaɓen ƙasa, ya sa a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa ko ƙaiƙayi da kashin dabbobi, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa kafin a sake tattakewa. Zaren ciyawar da ya bazu cikin kwaɓin shi ne yake tare ƙananan tsagu kafin su haɗu su zama babbar tsaga.

Azara kuwa itacen giginya ne da aka tsaga a tsaye, kuma an fi son na namijin giginya wanda ya manyanta, domin ɓangarensa na waje yana da zaruruwa baƙaƙe masu tauri waɗanda gara ba ta cika cin su ba. Idan aka gitta azara a kan bango biyu aka ɗora mata nauyi, samanta yana shan danniya, cikinta na ƙasa yana shan ja, kuma tana jure duka biyun. Sai dai tana da iyaka, domin masu binciken ginin Hausa sun nuna cewa azarar da take ɗauke da rufin ƙasa ba ta ƙetare fili da ya wuce kimanin mita 1.8 ba tare da ta fara lanƙwasa ba. Dalilin yana cikin lissafi: idan aka ninka tazarar da ke tsakanin bango biyu sau biyu, ƙarfin da yake neman karya azarar a tsakiyarta yana ninkuwa sau huɗu. Rufin ƙasa kuma ba abin wasa ba ne, domin ƙasa mai kaurin santimita 20 tana kaiwa nauyin kilo 300 zuwa 350 a kan kowace murabba'in mita tun tana bushe, balle ta sha ruwan Agusta. Kusan duk dabarun da maginan Hausa suka ƙirƙiro amsa ce ga tambaya guda, wato yadda za a rufe babban ɗaki da gajeren itace.

Rumbu da ɗakin ciyawa

Ginin da ya fi daɗewa a ƙauyukan Arewa, tun zamanin Gubawa na Lugu da Bagaji da kuma Arawan da suka kafa sarautarsu a Matankari, shi ne kewayayyen ɗaki mai jinkar ciyawa da kuma rumbu. Kewayayyen bango ba shi da kusurwa, kusurwa kuwa ita ce wurin da bangon ƙasa ya fi saurin rabewa, sannan jinka tana da sauƙin nauyi kuma bakinta yana zubar da ruwa nesa da jikin bangon. Rumbun laka ya fi ɗakin nuna gwaninta. Ana ɗora shi a kan duwatsu domin damshin ƙasa da gara da ɓera kada su kai ga hatsi, a shimfiɗa itatuwa a yaɓe su, sannan magini ya riƙa murɗa laka mai yawan ciyawa yana ɗora ta zobe bisa zobe, kamar yadda ake gina tulu, yana dakatawa kowane zobe ya sha iska kafin ya ɗora na gaba. Bangon bai fi faɗin tafin hannu kauri ba, amma yana riƙe da damman gero na shekara guda, saboda siffarsa mai tumbi tana rarraba turin hatsin daidai a duk kewayen, ciyawar da aka murɗa a cikin lakar kuma tana ɗaure shi ta hana shi buɗewa. A kansa ake kifa hular ciyawa, wadda idan ta lalace ba a sabunta ta ba, damina ɗaya ta isa ta zubar da rumbun. Ƙa'idoji biyu da manyan gine-ginen birane suka dogara da su suna nan cikin wannan ƙaramin gini: siffa tana iya maye gurbin kauri, kuma ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin kansa a rufe yake, ƙafarsa kuma a bushe.

Tubali, ganuwa da soro

Da birane suka kafu, sai buƙatar tsaro da ta sarauta ta kawo gini mai tsawo da kauri, wanda murɗin laka ba zai iya ba. A nan tubali ya shigo, wato curin laka da ake mulmulawa da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana har ya bushe. Ana jera tubala tsininsu yana kallon sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar laka, a jera wani sahu a kai, ta yadda sahun sama yake zama cikin gurbin na ƙasa. Ana fara bango da kauri a gindi, a riƙa rage shi yayin da yake hawa, domin gindin ne yake ɗauke da nauyin duk abin da ke bisansa. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini su ne suka zama kududdufan da aka san tsofaffin birane da su.

Littafin Tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwar Kano ga Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, kuma an faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, da kuma a ƙarni na 17. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, shugabansu Lugga ya ba da rahoton cewa tsawon ganuwar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma ƙafa 40, wato kimanin mita 12. Ganuwa irin wannan tana tsayuwa ne da nauyinta kawai, kuma taushin ƙasarta yana shanye bugun harsashi, shi ya sa maharan suka karkata ga fasa ƙofa. A yamma, kusa da ƙasar Arewa, Muhammadu Kanta na Kabi ya kewaye birninsa na Surame da ganuwar dutse da laka a ƙarni na 16, kuma kufanta yana nan a jihar Sakkwato. Ganuwar Kano ta daɗe ne saboda bayan kowace damina ana fitar da jama'a aikin gayya su mayar da abin da ruwa ya zaizaye. Da mulkin mallaka ya kawar da amfaninta na yaƙi, aikin gayyar ya tsaya, sai ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu neman filin gini suka yi mata abin da igwa ba ta yi mata ba.

Soro, wato ɗaki mai kusurwa huɗu da rufin ƙasa, ya bunƙasa ne tare da Musulunci da fataucin Sahara, musamman daga ƙarni na 15, lokacin da malamai irin su Al-Maghili suka zauna a Kano da Katsina, sahun salla kuma ya buƙaci ɗaki mai miƙaƙƙen bango. Hasumiyar Gobarau ta Katsina da masallacin Agadas, wanda aka gina a 1515 aka sake gina shi a 1844, kuma hasumiyarsa ta kai mita 27, shaidu ne na wannan zamani. Itatuwan da suka fito daga jikin hasumiyar Agadas suna ɗaure ginin daga ciki, suna kuma zama matakala ga masu yaɓe. Domin faɗaɗa soro, magina suka riƙa fito da gajerun azara daga saman bango, abin da ake kira tauyi, su ɗora azarar rufi a kansu, ko su gitta azara a kusurwoyin ɗaki su rage filin da ya rage a tsakiya, ko kuma su kafa ginshiƙi. Dabarun sun ƙara faɗi kaɗan, amma babban zaure ya ci gaba da cika da ginshiƙai.

Bakan gizo

Mafita ta zo da baka, wanda ake kira bakan gizo, kuma shi ne babbar gudummawar maginan Hausa ga fasahar gini ta duniya. Bakan Rumawa ana yin sa ne da duwatsu da aka sassaƙa, kuma ba ya tsayuwa sai an kafa masa katakon tallafi har a sa dutsen ƙarshe na tsakiya. Bakan Hausa ba ya buƙatar tallafi daga ƙasa. Magini yana dasa tarin azara a cikin bango biyu masu fuskantar juna tun ginin bai kai ƙarshe ba, su fito a ɗan karkace zuwa cikin ɗaki, ya ɗaure su da igiya, ya lulluɓe su da laka, ya bar su su bushe. Wannan gaɓa ita ake kira kafi. A kanta yake ɗaura kafi na biyu wanda ya fi na farko kwantawa, ya sake yaɓewa ya jira, haka har hannuwan biyu su haɗu a tsakiya a gitta musu azarar da za ta kulle su. Kafin su haɗu, kowane hannu yana rataye ne da ƙarfin azararsa da nauyin bangon da ya danne gindinsa, bayan sun haɗu kuma sai su tokare juna su riƙa tura bangon waje. Wannan ne ya sa bangon ɗaki mai baka yake da kauri sosai, kuma rawanin soro da zankwayen da ke kusurwoyinsa, ban da ado, suna ƙara nauyin da yake danne ginin. Idan baka biyu suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, ana kiran tsarin ɗaurin guga, a kansu kuma ake shimfiɗa gajerun azara a fitar da tulluwa, wato rufi mai ƙusumbi wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa. Da wannan dabara aka rufe ɗakunan da faɗinsu ya kai kimanin mita 8 ba tare da ginshiƙi ba. Haɗin laka mai jure danniya da azara mai jure ja shi ne ainihin ƙa'idar da ƙarfe da kankare suke aiki da ita a ginin zamani.

Fasahar ta kai ƙololuwarta bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, lokacin da sababbin sarakuna suka shiga gina masallatai da fadoji. Matafiyin nan Clapperton, wanda ya isa Sakkwato a 1824, ya rubuta cewa ya tarar da wani magini mutumin Zazzau yana jagorantar ginin masallaci, wanda ya shaida masa cewa mahaifinsa ya je Masar ya ga ginin can. Mafi shahara a maginan wancan ƙarni shi ne Muhammadu Mika'ilu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani, shi ne ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. A cikinsa bakuna suna tasowa daga manyan ginshiƙai suna rarrabuwa suna ɗauke da tulluwa, jikinsu kuma cike yake da zane. Ilimin irin wannan aiki ba a rubuce yake ba, gado ne da ɗa yake koya a bayan ubansa, ƙarƙashin kulawar Sarkin Magina na gari.

Kariya daga ruwa

Rabin aikin magini yana tafiya ne wajen hana ruwa taɓa laka. Ana karkata rufi zuwa indararo, wanda yake fitowa nesa da bango domin ruwan ya faɗi can gefe, a gindin bango kuma a yi dakali ya tare tsartsuwa da kwaranya. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ƴaƴan ɗorawa, rufin masu hali kuma da laso, haɗin katsi na marina da gashin dabba daga majema da ruwan dafara, wanda ake gogewa har ya yi santsi. Babu ɗaya daga cikinsu da yake dawwama, shi ya sa ake hawa soro kafin ruwan farko a toshe tsagu a share bakin indararo, a sabunta yaɓe bayan damina. A garin Jenne na ƙasar Mali, inda aka sake gina babban masallaci a 1907, har yau mutanen gari suna fitowa kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi kowace shekara. A kwari irin Dallol Mauri akwai ƙarin haɗari daga ƙasa, domin ruwan da ke kusa yana hawa cikin bango ta ƙananan ƙofofin laka, yana ɗauke da gishiri, irin wanda ake dafawa a Foga can kudu. Idan ruwan ya bushe, gishirin yana daskarewa ya marmashe gindin bangon, daidai wurin da nauyi ya fi taruwa.

Yadda ginin ƙasa yake faɗuwa

Ginin ƙasa ba ya cika faɗuwa ba tare da gargaɗi ba. Indararo yana toshewa, ruwa ya kwanta a kan rufi, ƙasar rufin ta ƙara nauyi a daidai lokacin da lakar da ke riƙe da bakin azara take laushi. Idan bangon ya ɗan goce waje, bakan da yake tokare da shi yana sauka, tsaga ta bayyana, tsagar kuma ta zama hanyar ruwa, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Shafen siminti a kan bangon ƙasa yana ƙara dagula lamarin, saboda siminti da laka ba sa miƙewa da ƙanƙancewa tare, sai shafen ya rabu da bangon, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, ɓarnar kuma ta ɓuya daga idon mai gida har sai ta yi nisa.

Masallacin Zariya, wanda aka kewaye da sabon gini a shekarun 1970, ya rufta ta wani sashe ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, aƙalla mutum bakwai suka rasu, kuma Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a bango kwana ɗaya kafin faruwar abin, ana shirin kawo injiniyoyi. A ranar 3 ga Satumba, 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa, a daminar da ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar ta kuma shafi fiye da mutum miliyan ɗaya. Gine-ginen biyu sun ga damina fiye da 150 kafin su faɗi, abin da yake nuna cewa ƙa'idar gininsu ingantacciya ce, kuma tambayar da ta dace ita ce me ya sauya a kulawar da ake yi musu da kuma ruwan da yake sauka a kansu.

Sauye-sauyen ƙarni na 20 zuwa yau

A zamanin mulkin Faransa da bayansa, bulon ƙasa mai kusurwa huɗu da ake bugawa da ma'auni ya maye gurbin tubali a yawancin garuruwan Nijar, bango ya sirance, kwano da siminti suka zama alamar wadata. Fari na shekarun 1970 da na 1984 da yawan sara sun rage giginya, wadda take shekaru masu yawa kafin ta isa tsagawa, sai azara ta yi tsada, talaka ya koma rufi da itacen da gara take ci. Duk da haka fasahar ba ta mutu ba. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a a 1962, ya sauya rufinsa zuwa na bakuna da tulluwa a 1975, ya ƙara hasumiyoyi huɗu daga 1978 zuwa 1982, aikin kuma ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Daga 1980, a Cikal ta yankin Filinge, aka fara koyar da gini ba katako, wato rufin bulon ƙasa zalla irin na Nubiya a kudancin Masar, wanda ƙungiyar Development Workshop ta horar da ɗaruruwan magina a kansa. A Dandaji kuma, Mariam Isufu Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala cibiyar Hikma a 2018, inda aka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji.

Ga gari irin Kore Mairuwa, inda ɗimbin jama'a suke kwana a ɗakin ƙasa kuma zafin bazara yake mayar da ɗakin kwano wurin da ba ya zaunuwa da rana, wannan tarihi magana ce ta rai da lafiya. Ginin ƙasa zai ci gaba da zama ginin mafi yawan mutane saboda araharsa da sanyinsa, amincinsa kuma ya rataya ne a kan abubuwan da aka riga aka sani: harsashin dutse ko na siminti da zai raba bango da damshin kwari, kauri daidai da tsawo, hanyar ruwa a kan rufi da cikin unguwa, da fitar da mutane daga ɗakin da tsagarsa take ƙaruwa tun kafin a nemo mai gyara. Wajibi ne kuma a kare dajin giginya na kudancin Dallol Mauri, a kuma rubuta ilimin tsofaffin magina a koyar da shi a makarantun sana'a tare da lissafin injiniyoyi, domin maginin da ya iya ɗaura kafi ba a samar da shi a shekara ɗaya, kuma yawancin waɗanda suka iya sun manyanta.